Ayyuka Ashirin a Bayan Bas

A Korovou ba a cika kiran Waisake da sunansa ba. Wa-Ya-Aiko-Ka ake ce masa, a bayan idonsa dai, don ita ce tambayar da yake fara yi wa duk wanda ya shigo shagon burodinsa da murmushin da ya fi na mai sayen burodi faɗi. In ka yaba masa burodi sai ya dube ka daga sama har ƙasa, yana jiran abin da zai biyo bayan yabon. Wata maƙwabciyarsa ta taɓa kawo masa kyautar gwanda biyu, ya ajiye su a kan kantar shagon ya hana kowa taɓawa, wai sai ya ji abin da take so tukuna. Har suka ruɓe ba ta dawo ba. Ashe bishiyarta ce kawai ta yi 'ya'ya da yawa.

Kada a yi saurin ganin laifinsa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu, shi kuwa sau biyu aka sare shi, kuma duk a gida. A wani ƙauye na saman kogin Wainibuka aka haife shi. Yana saurayi ya yi aiki a injin yankan katako, ya ƙuntata wa cikinsa har ya sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya, yana kai gwaza da ayaba kasuwa. Sai kerekere ta taso masa, roƙon nan da ɗan'uwa ke yi wa ɗan'uwa wanda ba a amsa shi da a'a. Yau jana'iza, gobe biki, jibi matan coci za su taro a wani gari, motar tana tafiya ba mai maganar kuɗin mai. Ranar da injin motar ya buga, waɗanda suka fi kowa hawa su suka fi kowa yi masa jaje. Ya sake lallaɓawa ya buɗe ɗan kanti a ƙauyen, sukari da kananzir da kifin gwangwani. Aka cinye kantin tas, har katakon da yake jera kaya wani kawunsa ya roƙa ya yi benci da shi.

Daga nan ya tattara matarsa Unaisi suka sauko gari, ya kama hayar wani ɗan lungu kusa da tashar bas ya fara gasa burodi. Ya kuma yi wa kansa doka guda, cewa kada wani na gida ya taɓa ganin alamar ya samu. Tsohon sulu, zanen maza, yake ɗaurawa a ƙugu, wanda wanki ya cinye launinsa, da silifas da aka ɗaure da waya. In zai je ƙauye bas yake hawa, ya riƙe burodin jiya a leda. Duk wanda ya tambaye shi kasuwa sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Muna dai lallaɓawa." Gaskiyar magana ma ba wani arziki ba ne. Shagon yana ciyar da gidansa, yana biyan albashin mutum ɗaya, in an yi sa'a a sayi sabon faranti.

Mutum ɗayan shi ne Shiu, Ba'indiye mai furfura a gefen kai, wanda ya zo garin bayan wa'adin hayar gonar rakensu ya ƙare ba a sabunta musu ba. Waisake ya ɗauke shi ne don ba dangin iya ba na baba: ka biya shi, ya ce na gode, magana ta ƙare. Amma zama ya yi zama. Shiu ne a bakin tanda tun ana ƙona rabin burodin ana ba aladun maƙwabta, da shi aka yi shekarar da ambaliya ta shiga shagon ta jiƙa fulawa, kuma da albashin nan yake sayen maganin ciwon sukarin matarsa. A duk faɗin Korovou shi kaɗai ne zai miƙo wa Waisake abinci ya ci bai shinshina ba.

Ana haka zaɓe ya matso. Gari ya cika da hotunan mutane masu fararen haƙora, ana ta maganar za a ƙara wa ma'aikata albashi, masu shaguna kuma hankalinsu ya tashi. Wata ranar Laraba da yamma sai ga Nemani, shugaban ƙungiyar ƙananan 'yan kasuwar garin, mai shagon kayan gini. Ɗan gwaggon Waisake ne, taubashinsa ke nan, amma haihuwar gari, ƙauye sai Kirsimeti. Ya shigo da mutum biyu a bayansa, a hannunsa da saiwar kava, wadda ake dakawa a dama a sha, an naɗe ta a jarida an ɗaure da zare.

Waisake na ganin saiwar ya gane roƙo ne ya kawo su, don da ita ake zuwa roƙo, wanda ya karɓa kuwa ya amsa ke nan. Ya san banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ya kamata shi ne ya tare su tun a bakin ƙofa ya yi tambayarsa ta kullum. To amma ga masu sayen burodi sun zuba ido, kuma ɗan halak ba ya barin baƙo tsaye da kava a hannu. Aka shimfiɗa tabarma a bayan shago, Nemani ya durƙusa ya miƙa saiwar da kalaman girmamawa, Waisake ya ɗora hannu a kanta ya karɓa, aka tafa. Aka dama, aka zuba masa a ƙoƙon kwakwa ya shanye. Sai da ɗacin ya sauka a maƙogwaronsa, harshensa ya fara yin nauyi, sannan ya tuna bai ji abin da ya kawo su ba.

"To, ɓarawon ƙusa," in ji shi, "wa ya aiko ka?"

"Ji shi, mai sayar wa mutane iska a cikin burodi," in ji Nemani yana dariya. "Alheri ne ya kawo ni. Ƙungiya ta tsai da ɗan takarar da za ta mara wa baya, muna so mu fito da saƙonmu. Ka ga, taubashi, in muka ce ba ma so a ƙara albashi, jifan mu za a yi. In muka ce a rage mana kuɗin lasisi, a ce masu ƙoshi suna kuka. Mai wayo ba ya cewa riba. Wannan kalmar ka bar ta a aljihu. Aikin yi za ka ce. Mu ne masu samar da aikin yi, mu ne masu kawo arziki gari, a sakar mana mara mu ɗauki 'ya'yan mutane. Wa zai yi faɗa da wannan?"

"Wa ya koya maka wannan karatun?"

"Bita aka kai mu otal a Suva. Har da abincin rana."

"Wa ya biya abincin?"

"Kai dai Allah ya shirye ka! Hotonka muke so, kana riƙe da farantin burodi."

"Naka hoton ya ƙone ne?"

"Dubi tumbina. In aka sa ni za a ce ga wanda ya cinye arzikin. Kai kuwa fuskarka ta wahala ce, ko kwalliya ba sai an yi mata ba. Mutum nawa ke aiki a nan?"

"Shiu."

"Da Unaisi."

"Unaisi matata ce."

"Ba ta aiki?"

"Tambaye shi dai!" in ji Unaisi daga bayan kantar shagon.

Nemani ya shiga lanƙwasa yatsu. Mai kawo fulawa da abokin aikinsa. Matan nan da ke sarar burodi su kai ƙofar makarantu. Mai kawo ƙwai. Mai gyaran injin kwaɓi, wanda rabon da a kira shi tun bara. Mai yankan ciyawa.

"Wannan ai ma'aikacin hukuma ne," in ji Waisake.

"A gaban shagon wa yake yankewa?"

Da ƙyar da jan kunne lissafin ya kai goma sha bakwai, Nemani ya ce a mai da shi ashirin, ta fi daɗin karantawa daga nesa. Shiu yana bakin tanda yana goge faranti, yana jin su.

Waisake ya so ya ƙi, Allah ya sani. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuwa ya riga ya sha. Abin da ya rage masa shi ne gindaya sharaɗi, kuma ya gindaya da duk wayon da shekaru suka koya masa. Ba za a manna hoton a Korovou ba. Ba za a manna shi a kowace mararraba da ke kan hanyar ƙauyensu ba. Ba jarida, don malamin makarantar ƙauyen yana sayen ta Asabar. A Suva kaɗai, inda ba wanda ya san shi.

"A Suva kaɗai," in ji Nemani, ya dafa ƙirji.

Aka zo aka ɗauki hoton. Mai ɗauka ya yi ta fama ya yi murmushi, abin ya faskara, aka haƙura aka ɗauke shi yana hararar na'urar. Bayan tafiyarsu ya kwana biyu yana juya sharuɗɗan a ransa, yana neman ƙofar da ya bari a buɗe, bai gano ba. Unaisi ta ce masa ya bar wahalar da kansa, ba kowa ne ke kwana da shi a rai ba.

Shiu ne ya fara gani. Ya fita zubar da toka da hantsi, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Maigida, zo ka ga kanka."

Bas ce ta shigo tasha daga Suva, irin mai labulen tamfol a maimakon gilashi. A bayanta, daga sama har ƙasa, ga Waisake da farantinsa da hararsa, kansa ya kai girman tayar motar. An rubuta da manyan baƙaƙe: SHAGO ƊAYA, AYYUKA ASHIRIN. KU BAR MU MU GINA ARZIKI. Yana tsaye baki buɗe direba ya sauya allon gaba, fasinjojin Wainibuka suka fara shiga da buhunansu. A kan idonsa bas ta tashi ta kama hanyar ƙauyensu da shi a bayanta.

Da silifas ɗaya ya isa shagon Nemani.

"Ka ce min Suva kaɗai!"

"A Suva aka manna shi, taubashi, a garejin masu bas ɗin, da idona na gani. Ni na ce wa bas ta yi tafiya?"

Ba a rufa mako ba baƙin suka iso. Baffa Isikeli ne, ƙanen mahaifinsa, tsoho mai sanda wanda shi ke magana da yawun danginsu, da maza uku a bayansa. Saiwar kavar da suka riƙo ta yi biyun ta Nemani, da gani an daɗe ana tattalin ta a gona don babbar rana. Aka sake shimfiɗa tabarmar nan. A wannan karon Waisake ba ya buƙatar tambayar wanda ya aiko su.

"Ɗana, mun gan ka," in ji tsohon. "Bas ta tsaya a bakin gada, yara suka sa ihu, gari duka ya fito. Gwaggonka har da kuka. Ranar Lahadi fasto ya ambace ka a kan mumbari, ya ce ga ɗan da Allah ya ɗaga. Mutum ashirin! Muka zauna muka duba gida-gida, ba mu ga namu ko ɗaya a ciki ba. Muka ce wataƙila kunya ce ta hana shi kira, bari mu sauƙaƙa masa."

"Baffa, maganar 'yan siyasa ce. Wallahi mutum ɗaya gare ni, ga shi can a bakin wuta."

Tsohon ya juya ya dubi Shiu, ya gaishe shi da kai cikin mutunci, sannan ya dawo da idonsa.

"Wato ƙarya ka bari aka rubuta a ƙarƙashin fuskarka? Fuskar nan ta yayana ce, kowa ya gan ta ya ga marigayi. To, faɗa min abin da zan kai gida. In ce ɗanmu ya yi wa lardi duka ƙarya, ko in ce yana da shi, bare yake ba? Ni ɗan aike ne, wadda ka ba ni ita zan ɗauka."

Waisake ya dubi saiwar da ke tsakaninsu. Ya yi shekaru yana ɓoye ɗan abin da yake da shi, yau ga shi ana tuhumarsa da ɓoye abin da bai taɓa mallaka ba, kuma ba rantsuwar da za ta fid da shi, don sun saba jin yana kukan babu. Ya ji haushin Nemani, ya ji haushin ɗan takarar da ko hannu ba su taɓa haɗawa ba, amma haushin kansa ya fi yawa. Ya ɗora hannu a kan saiwar, aka tafa.

Ya yi ciniki iyakar ƙarfinsa. Ya ce tanda ƙarama ce, wurin tsayuwa ma babu, a bari sai an faɗaɗa. Daga mutum ukun da suka so ya ɗauka aiki aka sauko zuwa ɗaya, aka bar masa Eroni, ɗan marigayi yayan Waisake, magidanci ne mai 'ya'ya biyu, matarsa da tsohon ciki. Baffa ya tafi yana sa albarka, da burodi shida a leda, na ranar.

Da Eroni malalaci ne da abin ya zo da sauƙi. Waisake ya sa masa ido kamar kyanwa a bakin rami, yana jiran ya makara, ko ya ɗebi sukari, ko ya fara ba abokai burodi kyauta, don ya sami abin kai wa Baffa Isikeli. Mutumin nan kullum shi ke riga kowa zuwa. Ba ya ƙorafi, ba ya taɓa abin da ba a ba shi ba, in Waisake ya yi masa faɗa sai ya ce masa, "To, Baffa." Shiu kuma ya buɗe masa ciki yana koya masa komai, yadda ake gane kwaɓi ya tashi, da yadda ake rage yis ranar da ake zafi. Har Waisake ya fara zargin Shiu ma, karo na farko tun haɗuwarsu. Me ya sa yake koyarwa da sauri haka? Ko ya sami wani wurin ne yana shirin guduwa? Ya bi diddigi a ɓoye, ya tarar ba inda ya samu.

Shagon da aka gina don albashi ɗaya ya shiga biyan biyu. Aka rage man da ake sa wa burodi, masu saye suka lura. Unaisi ta daina sayen nama. Waisake ya riƙa gaya wa kansa a daure har zaɓe ya wuce, tunda an ce in mutuminsu ya ci za a rage kuɗin lasisi, a sauƙaƙa rance. Shi da bai taɓa yarda da alkawarin kowa ba, sai ga shi yana kasa kunne a rediyo ranar ƙidayar ƙuri'a.

Mutumin nasu ya ci. Aka yi ta busa ƙahon motoci. Waisake ya bari ƙura ta lafa sannan ya je wurin Nemani.

"Ina sauƙin?"

"Yana hanya. An kafa kwamiti. Amma saƙonmu ya shiga, taubashi, har a Suva ana maganar hotonka. An ce hararar ce ta sa mutane suka yarda."

"Bar wannan. Ka ɗauki Shiu a shagonka. Mutum ne mai amana, ko ƙusa ɗaya ba za ta ɓace ba."

"Ni? A wannan yanayin?" Nemani ya rage murya. "Ni ma biyu zan sallama ƙarshen wata. Kada dai ka faɗa."

A hanyar komawa Waisake ya yi ta auna abin, ko da yake ya san amsar tun ranar da ya taɓa saiwar Baffa. In ya sallami Eroni, ba shi ba shiga ƙauye, ba mai zuwa jana'izarsa, 'ya'yansa ma sai sun ji a jikinsu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In ya sallami Shiu kuwa ba wanda zai zo da sanda ya tambaye shi dalili. Dalilin da ya sa ya ɗauke shi tun farko ke nan, kuma yau wannan dalilin ya fi komai ba shi kunya.

Ya ɗaga maganar daga Litinin zuwa Talata, daga Talata zuwa wani makon, har ranar da mai fulawa ya ce ba zai ƙara saukewa ba sai ya ga kuɗi a hannu. Washegari, bayan an sayar da gashin safe, mutane sun ragu, ya leƙa wurin tanda.

"Shiu, zo mana bayan shago."

Shiu ya fito yana kwance igiyar rigar aikinsa tun ba a ce masa komai ba. Ya ninke ta a hankali ya ɗora a kan buhu. Waisake ya yi tanadin magana mai tsawo, da godiya, da rantsuwa, da alkawarin in abubuwa suka gyaru zai aika a kira shi. Ko ɗaya ba ta fito ba. Ya tsaya yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Maigida, kada ka wahalar da kanka," in ji Shiu. "Tun ranar da tsohon nan ya gaishe ni na sani. Shi ya sa na yi ta sauri da yaron, kada in tafi in bar ka da ƙonannen burodi."

"Ban so haka ba."

"Na sani." Shiu ya dube shi. "Abu ɗaya zan tambaye ka. A cikin ashirin ɗin nan na bayan bas, an sa ni?"

"Da kai aka fara."

Shiu ya gyaɗa kai.

"To, ka ce wa taubashinka ba sai sun gyara rubutun ba. An cire ɗaya an sa ɗaya, ashirin ɗinku tana nan."

Ya koma ciki ya nuna wa Eroni kusurwar hagu ta tanda, ya ce ta fi cin wuta, ya riƙa juya farantin da ke wurin. Ya yi wa Unaisi sallama, ta kau da kai tana share ido da gefen riga. Ta ɗauko burodi biyu masu zafi ta sa masa a leda. Ya karɓa, ya ajiye kuɗinsu a kan kantar shagon, ya fita ta ƙofar gaba, inda masu saye ke fita.